Kwana biyar a bakin teku kafin mu rabu: ina ya kamata mu je?

Sabon Mai Digiri ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala digiri na biyu a wata jami'a da ke Kuala Lumpur, na kare kundina a makon jiya, kuma tikitin komawata gida na ranar 22 ga Disamba ne. Akwai abokina da muka zauna ɗaki ɗaya shekara biyu cur, ba ƙasarmu ɗaya da shi ba, shi ma zai tafi kwana biyu bayana, kuma Allah kaɗai ya san ranar da za mu sake haɗuwa. Mun yi shawara mu ware kwana biyar a tsakiyar Disamba mu je bakin teku mu huta, domin abin kunya ne a ce mutum ya yi shekara biyu a Malesiya amma bai san komai ba sai ɗakin karatu, ɗakin gwaje-gwaje da tashar jirgin ƙasa.

Inda muka sha bamban shi ne wurin zuwa. Ni tsibiran Perhentian nake so, saboda hotunan da na gani na ruwa garai-garai wanda ake hango yashin ƙasansa. Shi kuma ya nace sai mu tsallaka Tailan, wai tunda hutu ne to a fita ƙasar gaba ɗaya a ƙara hatimi a fasfo. Kuɗin da ya rage mana ba shi da yawa, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu, ban iya iyo ba ko kaɗan. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan tafiya, ina neman shawararku.

Tsohon Ɗalibi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ina taya ka murna, Allah ya sa albarka a karatun. Ƙanena, kafin maganar yashi da ruwa, akwai tambayar da ban ga ka yi wa kanka ba: ina fasfonka zai kasance a tsakiyar Disamba?

Dalilin tambayar shi ne, ɗalibin waje da ya gama karatu a Malesiya ba ya ɗaukar jaka kawai ya nufi filin jirgi. Izinin zaman da ke manne a fasfonka na ɗalibta ne, kuma idan karatu ya ƙare jami'a ce ke da alhakin neman a soke shi ko a rage wa'adinsa, ta hanyar EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban ƙasashen waje, da hukumar shige da fice. Za a nemi tikitin tafiyarka, za a karɓi fasfon kansa, sannan a dawo maka da shi ɗauke da ranar da dole ka bar ƙasar kafin ta wuce. Wannan aiki ba na yini ɗaya ba ne. A lokacina fasfona ya yi kusan mako biyu ba ya hannuna, ni kuwa na riga na biya kuɗin masauki, ina ji ina gani kwanakin suka wuce ina zaune a ɗaki ina duba waya. Ba wanda ya cuce ni, ni ne na tashi fafe gora ranar tafiya. Kada ka ce ai tafiyar cikin gida ce, domin baƙo ko jirgin cikin gida zai hau fasfo ake tambayarsa, haka ma a teburin karɓar baƙi na otal.

Wannan kuma shi ne ya sa nake ganin shawarar abokinka ta zuwa Tailan tana da haɗari. Idan an riga an soke izininku, fitar da za ku yi ita ce fitar ƙarshe a kan wannan izini, dawowa kuma sai da sabuwar shiga a matsayin baƙi masu yawon buɗe ido, wadda ga wasu fasfuna sai da biza. Tunda ba ƙasarku ɗaya ba, yana yiwuwa a buɗe wa ɗaya ƙofa a rufe wa ɗaya, alhali manyan akwatunanku da jirgin komawarku duk suna Kuala Lumpur. Ita ma Tailan tana da nata sharuɗɗan biza da suka danganta da fasfon mutum. Wuce wa'adi kuwa laifi ne a dokar shige da fice ta Malesiya, ana cin tara, ana iya tsare mutum, ana iya hana shi dawowa na wani lokaci. Gobe da safe ku je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku ku biyu, ku tambayi ranar da za a karɓi fasfo da ranar da ake sa ran dawowarsa, sai ku ɗora hutun a kan abin da suka ce.

Mazauniyar Penang ta amsa:

Abin da Yaya ya faɗa a sama gaskiya ne, ba ni da ƙari a kai. Ni zan yi magana ne a kan Perhentian, kuma ka yi haƙuri, domin zan kashe maka gwiwa. Hotunan da ka gani ba ƙarya ba ne, amma ba a Disamba aka ɗauke su ba. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar damina ta arewa maso gabas tana bugun gaɓar gabashin Malesiya, teku ya yi fushi, ruwan sama ya yi ta zuba, a wasu shekarun har da ambaliya a jihohin Kelantan da Terengganu. A wannan lokaci yawancin masaukan Perhentian da Redang a rufe suke, ƙananan jiragen ruwan da ke kai mutane daga garin Kuala Besut ma ba sa zirga-zirga yadda suka saba. Wanda yake son waɗannan tsibirai sai ya je tsakanin Afrilu da Satumba.

A Disamba gaɓar yamma ce take samun sarari, saboda duwatsun tsakiyar ƙasar suna tare mata yawancin ruwan. Shi ya sa zan ce ku nufi Langkawi, a jihar Kedah, dab da iyakar Tailan. Tarin tsibirai ne 99, amma babban cikinsu shi ne ake sauka. Daga Kuala Lumpur tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin sama. Idan kuna son rage kashe kuɗi, ku bi ta ƙasa zuwa Kuala Perlis ku hau jirgin ruwa, wanda ke ɗaukar awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa garin Kuah, sai dai hakan zai cinye muku yini guda zuwa da yini guda dawowa, kwana biyar kuwa ba su da yawa. Ku sani kuma Disamba lokacin hutun makarantu ne, masauki yana tsada yana kuma cika da wuri, sannan hutun ƙarshen mako a Kedah Juma'a da Asabar ne. Akwai harajin yawon buɗe ido na ringgit 10 (kuɗin Malesiya) a kowane ɗaki kowane dare da ake karɓa daga baƙi 'yan ƙasashen waje, ku tambaya ko yana cikin kuɗin da aka nuna muku a intanet.

Pantai Cenang shi ne bakin ruwan da ya fi cika, nan masaukai masu sauƙi suke, kuma yana fuskantar yamma, don haka rana a gabanku za ta faɗi cikin teku. Tanjung Rhu a arewa ya fi shiru nesa ba kusa ba. Ga wanda bai iya iyo ba, tsibirin yana da abin yi a tudu: ana hawa dutsen Mat Cincang a cikin ƙananan akwatunan gilashi masu tafiya a kan igiyar ƙarfe, a sama kuma akwai wata gada mai lanƙwasa ta mita 125 da ke rataye a kan kwazazzabo. Ana kuma shiga kwalekwale mai inji a Kilim, a ratsa cikin bishiyoyin da ke tsiro a ruwan gishiri, tsakanin tsofaffin duwatsun da suka sa UNESCO ta karɓi Langkawi cikin wuraren tarihin duwatsu na duniya (Geopark) a 2007. Abokinka mai son Tailan, idan gari ya yi haske, daga saman dutsen zai hango tsibiranta, sai ya haƙura da wannan. Abu ɗaya da zan gargaɗe ku a kai shi ne birai, domin na ga wanda biri ya fizge masa leda daga hannu yana tsaye yana ɗaukar hoto.

Mai Tsoron Ruwa ya amsa:

Ɗan'uwa, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a cikin tambayarka, inda ka ce ba ka iya iyo ba. Ni ma haka na je bakin teku karon farko, bayan jarrabawar ƙarshe, da wani abokina wanda ya iya. Na shiga ruwa iya gwiwa, na ga ba komai, na ƙara zuwa iya ƙugu, na zaɓi wani wuri da na ga ya fi ko'ina lafawa, babu farin kumfa, babu igiyar ruwa mai tashi. Ashe wurin nan shi ne mafi muni. Ruwan da igiyoyi ke turowa gaɓa dole ya sami hanyar komawa, sai ya taru ya bi ta wani siririn lungu yana gudu zuwa cikin teku, kuma daga tudu lungun nan kamar ruwa mai kwanciya yake. Abin da na fara ji shi ne yashi yana zamewa daga ƙarƙashin tafin ƙafata, kamar ana janye tabarma. Kafin in buɗe baki in kira abokina ruwa ya kai mini ƙirji, na sha gishiri ta hanci da baki, kuma tawul ɗinmu da ke kan yashi ya koma ɗan ƙarami a idona. Wani mai kula da bakin ruwan ne ya iso da allon shawagi ya jawo ni. Na yi kusan awa guda a zaune ƙafafuna suna rawa.

Masu iyo ana koya musu kada su yi kokawa da irin wannan ruwa, su bi gefe a layi ɗaya da gaɓa har su fita daga lungun, sannan su juyo. Wannan shawara ba ta da amfani ga ni da kai. Tamu ita ce kada ruwa ya wuce gwiwa, kada a shiga inda aka kafa jar tuta, kada a shiga da dare, kuma duk kwalekwalen da za a hau a sa rigar ceto a ɗaure igiyoyinta, ko da sauran fasinjoji sun ajiye tasu don hoto ya yi kyau. Ka faɗa wa abokinka tun a ɗaki cewa ba a wasan turawa cikin ruwa da kai. A tekun yankin akwai kuma wata halitta mai kama da farar leda, mai dogayen zare, wadda harbinta ke da zafi ƙwarai, wani nau'inta ma yana kisa. Idan ta taɓa mutum ba a murza wurin, ba a kuma wanke shi da ruwan sha, ruwan khal ake zubawa a nemi asibiti, lambar gaggawa kuwa 999 ce. Rana ma kada ka raina ta don fatarka baƙa ce, ni kafaɗuna sai da suka saɓule.

Tsohon Ɗalibi ya sake amsawa:

Na dawo ne saboda wani abu da na manta, wanda ni a wurina ya fi zaɓen tsibiri muhimmanci. Zama ɗaki ɗaya daban, tafiya tare daban. A ɗaki kowa yana da nasa aljihun da nasa lokacin, a tafiya kuwa komai sai an yi shawara, daga lokacin tashi har zuwa wanda zai biya mota. Ni da nawa abokin mun yi hutun daga baya, na kwana uku, kuma mun ɓata yini guda ba ma magana a kan kuɗin hayar mota da bai taka kara ya karya ba, saboda shi ya ɗauka na amince, ni kuma na ji nauyin cewa ba ni da shi. Ku zauna tun kafin ku sayi tikiti kowa ya faɗi iyakar abin da zai iya kashewa, a yi lissafi a kan na mai ƙaramin ƙarfi, a haɗa kuɗin masauki da na sufuri a hannun mutum ɗaya, sauran kowa ya riƙe nasa.

Kada kuma ku cika kwanakin da jerin wuraren zuwa. Abu ɗaya a yini ya isa, sauran lokacin ku zauna ku yi hira, tunda don ita za ku je. Ku bar manyan akwatuna a wurin wani amintacce a Kuala Lumpur, domin jiragen saman nan masu araha kilo 7 kawai suke bari a riƙe a hannu, abin da ya haura sai an biya. Sannan ku dawo birni aƙalla kwana biyu kafin ranar 22, saboda tikitin Langkawi da na komawa gida ba a haɗe suke ba, idan na farko ya makara na biyu ba zai jira ka ba.

Sabon Mai Digiri ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun je ofishin yau da safe kamar yadda Yaya ya ce, kuma ashe da mun makara, domin sun ce mu kawo fasfo da kwafin tikiti ranar Litinin. Abokina da kansa ya janye maganar Tailan tun kafin mu fito daga ginin, bayan ya ji abin da zai biyo baya idan ya fita. Mun tsayar da Langkawi, kwana huɗu maimakon biyar, kuma ba za mu biya masauki ba sai fasfo ya dawo hannu, ko da hakan zai sa mu samu ɗaki mai nisa da ruwa. Na karanta masa labarin Malam Mai Tsoron Ruwa, ya yi dariya ya ce zai koya mini iyo a kwana huɗu, na ce masa iyakata gwiwa. Tambaya ɗaya ta rage ga Yaya ta Penang: tsakanin Cenang da garin Kuah, ina ya fi dacewa mu sauka idan ba za mu yi hayar mota ba?