Na yanke rigar wanda aka harba, wai na ɓata hujja?

Ummu_Jinya: Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa. Daren jiya aka kawo mana wani da harbi a ƙirji, na sa almakashi na tsarge rigarsa, ashe ta kan hudar harsashin na bi. Na dunƙule ta jiƙe da jini na jefa a leda. Da mai bincike ya gani da safe, sai da ya riƙe kai. Me riga za ta faɗa wanda raunin bai faɗa ba?

Mai_Awo: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ceton rai ne gaba, ba mai ganin laifinki. Sai dai riga ce ke fara tare abin da bindiga ta feso. Baƙin hayaƙi da ƙwayoyin albarushin da ba su ƙone ba a yadi suke maƙalewa, fata ta fito fes, a zaci daga nesa aka yi harbin. Mukan yi wa yadin gwajin sinadari da ake kira Griess, inda albarushi ya taɓa ya fito ruwan lemo, sannan wani sinadarin, sodium rhodizonate, ya nuna dalma. In yadin baƙi ne ko jini ya rufe shi, kyamarar infirared, mai ɗaukar hasken da ido ba ya gani, ke fito da hayaƙin. Daga nan a harba bindigar a kan irin yadin daga tazara daban-daban a kwatanta. Ledar ma ta fi almakashin ɓarna, danshi funfuna yake kawowa. A bari ta bushe a inuwa, a sa a jakar takarda.

Likitan_Hoto: In riga ta lalace, ƙashi na nan. Misali a ƙoƙon kai, inda harsashi ya shiga hudar kan buɗe ta ciki kamar mazurari, inda ya fita kuma ta buɗe ta waje. Hoton CT, wato hoton cikin jiki na na'urar asibiti, na nuna wannan kafin a taɓa gawa. In harbi biyu ne, tsagar da na biyu ya yi wa ƙashi takan tsaya in ta iske ta farko, da haka ake gane wanda ya riga. Georg Puppe, likita Bajamushe, shi ya bayyana haka a 1903.

Mai_Awo: Af, na manta. Kada ki rubuta "mashiga" ko "mafita" a fayil don kin ga wata huda ta fi girma. Bindigar da aka danna bakinta a ƙoƙon kai aka harba takan yaga fata kamar tauraro, a ɗauka mafita ce. Rubuta girma da wuri da abin da idonki ya gani kawai.

Ummu_Jinya: Na gode. To na riga na rubuta "mashiga" jiya. Bari in je in ƙara bayani a ƙasa, in sa hannu da kwanan wata.