Zuba itanol mai yawa a mota maimakon fetur: abin da muke gani a gareji

Makanike, Mabera:
Salamu alaikum. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobi ke ta tambaya a kan E85, wato man da itanol (barasar da ake yi daga rake ko masara) ya kai har kashi 85 cikin 100, sauran fetur. Abu na farko, injin da ke shan fetur yana son iska 14.7 ga mai 1 a nauyi, shi kuwa E85 wajen 9.8 ga 1. Ke nan sai an ƙara wa injin mai, a lita kusan kashi 30 zuwa 40. Motar da ba a yi ta don haka ba, kwamfutarta za ta yi ta ƙara mai har ta kai iyakarta, sai fitilar injin ta kama, in an sa na'ura a ga P0171, lambar da ke nuna mai ya yi wa iska kaɗan. Mota ta riƙa shaƙewa a hawa, fulogi ya yi fari fat. Kowa ya kawo abin da ya sani.

Mai gyaran lantarkin mota, Gawon Nama:
Haka ne, Maigida. Amma cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka akwai masu shan duka biyun. A duba murfin tanki, galibi rawaya ne, ko a ga tambarin FlexFuel a baya. Waɗannan nozul ɗinsu ya fi faɗi, famfon mai da tiyo an yi su da abin da itanol ba ya ci. Sauran motoci kuwa kada a wuce kashi 10, iyakar da tsarin Najeriya na 2007 kan haɗa itanol da fetur ya nufa ke nan.

Mai gyaran babur, Tudun Wada:
Ga 'yan kabu-kabu, matsalar kafireta ce, don ba ta gyara kanta. Sai an faɗaɗa ramin jet, wato ƙofar da mai ke bi a kafireta, da kamar kashi 15, a canza tiyon roba, in ba haka ba ya kumbura ya fara yoyo. Tsohon tanki kuma itanol na wanke dattin da ya daɗe a ciki, duk ya taru a filta, saboda haka a canza ta bayan cikon farko ko na biyu. Ƙaramin janareta da ake haɗa wa baƙin mai cikin fetur, kada ma a gwada. Baƙin man ba ya gauraya da kyau, fistin zai ci wuta.

Injiniya, Arkilla:
Mai gyaran babur ya yi gaskiya. Zafin Sakkwato ba ya hana E85 aiki, ya ma rage ƙwanƙwasar injin saboda oktan ɗinsa ya haura 100. Asubahin hunturu ne ke da wuya, don itanol ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, sai an yi ta murza ki. Shi ya sa a Birazil, da suka fara shirinsu tun 1975, aka riƙa sa wa motoci ɗan tankin fetur na tayarwa. Da damina kuma yana jan ruwa daga iska, jarka a buɗe ta lalata shi, tankin ƙarfe ya yi tsatsa.

Ni dai abin da ya fi damuna lissafi ne. Tafiyar da lita 10 na fetur zai kai ka, E85 sai wajen lita 13 zuwa 14. In kuɗinsa ya haura kashi 70 na kuɗin fetur, ba riba, ƙa'idar da direbobin Birazil ke bi ke nan.

Makanike, Mabera:
Madalla, Injiniya. In an kawo muku a jarka, ku gwada. Mililita 50 na man, 50 na ruwa, a kwalba mai awo, a girgiza a ajiye. Itanol zai bi ruwa ƙasa, fetur ya taso sama. In E85 ne na gaske, na saman ba zai wuce mililita 8 ba sosai. Gwajin nan ba ya bambance itanol da metanol, wanda ke cin alminiyon kuma guba ne, don haka kada a zuƙa da baki ta tiyo. A kuma ajiye abin kashe gobara kusa, wutar metanol ba ta cika ganuwa da rana ba.