Wane littafin almara mai sauƙi zai dawo wa mutum da son karatu?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kan littattafan almara marasa nauyi, irin na aljanu da bokaye da sarakuna, waɗanda ake karantawa don nishaɗi kawai. Da wanne ya kamata a fara? Kuma yaya mai hidimar gida zai tsara lokacinsa har ya ga ƙarshen littafi, ba ya ajiye shi a tsakiya ba? Takarda ta fi ko waya?

Baban Hafsa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da littafin da labarinsa ke ƙarewa a zama ɗaya. A nan Magana Jari Ce na Abubakar Imam ba shi da na biyu. Juzu'i uku ne, kuma a na farkon aku ne ke ta jan Musa ɗan sarki da labari don ya hana shi fita daga gida, saboda haka kowane labari gajere ne, mai kai da gindi. Ko kin yi kwana uku ba ki buɗe ba, ba abin da zai ɓace miki.

Daga nan sai Ruwan Bagaja, na 1934. Siriri ne, kuma duk garin da Alhaji Imam, jarumin labarin, ya sauka sai sun yi karo da Malam Zurƙe, wannan ya rama, wancan ya rama. Dariyar ce ke jan mutum. In kina son jarumta, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. In kuma tafiya sararin samaniya ce, ga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo.

Batun lokaci, kada ki ce "in na samu sarari". Sararin ba ya zuwa. Ki liƙa karatun a bayan wani abu da kike yi kullum, misali bayan sallar isha'i, minti 20, shafi 8 zuwa 10. A zaune, ba a kwance ba, don kwanciya barci take kira. Littafi ɗaya a hannu har ya ƙare. Mai buɗe uku a lokaci guda sunayen ke cakuɗe masa, daga nan sai ya watsar da su duka.

Anti Balki:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ba kowa Hausar da ke kama wa da farko ba. Wani littattafan yaƙi na kasuwar Kano sun fi shige masa, masu takubban tsafi da tsibiran aljanu, kuma babu laifi a ciki. Amma 'yar'uwa, kafin ki biya kuɗi ki juya shafin ƙarshe. In kin ga "mu haɗu a littafi na biyu", tambayi mai shago nawa ne gaba ɗaya, ki saye su a tare. Da yawa na ɗaya da na biyu suna nan, na uku ya ƙare a kasuwa, labari ya tsaya miki a wuya. Ki kuma bi lambobin shafi da yatsa, musamman tsakiya inda aka ɗinke, don wani bugun yakan tsallake shafuka ko tawada ta dushe.

Matsalar irin waɗannan ita ce yawan sunaye: sarki, waziri, boka, aljani, kowa da birninsa. Ki yanki 'yar takarda, ki rubuta suna da matsayin kowa a layi ɗaya, ki mayar da ita alamar shafi. In bayanin faɗa ya yi tsawo, ana ta sara da suka shafi uku, ki tsallake zuwa inda aka koma magana. Ba jarrabawa za ki zauna ba. Littafin da kuma ya kai shafi 30 bai kama ki ba, ajiye shi ki ɗauki wani. Tilasta wa kai ne ke kashe sha'awar.

Ɗan Birni:
Kan waya, Hajiya, PDF iri biyu ne. Akwai wanda hoton shafi aka ɗauka: rubutunsa ba ya daidaita da fuskar waya, sai kin yi ta buɗawa da yatsu kina ja hagu da dama, minti 10 ido ya gaji. Akwai wanda rubutu ne na gaske, ana iya ƙara girmansa. Shi za ki nema, ko EPUB, wato tsarin littafi na waya da rubutunsa ke daidaita kansa da fuskar waya. Ki rage haske, ki mayar da bango ruwan ƙasa, ki kashe data kafin ki fara, don saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya cinye minti 20 ɗin. In ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa kamar akwati, salon haruffan ne bai san su ba, canza shi a saitin manhajar.

Labaran da ake sakewa kaɗan-kaɗan a zaurukan intanet kuwa, ki tabbatar kammalalle ne kafin ki shiga, kuma in na kuɗi ne a biya marubucin hakkinsa. Lokacin girki ko wanki, akwai masu karanta littattafan Hausa a YouTube, sai ki saurara.

Ummu Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Waɗannan za a iya karanta wa yara?

Baban Hafsa:
Amin Hajiya. Magana Jari Ce da Tauraruwa Mai Wutsiya sun dace, labari ɗaya ko babi ɗaya a dare, da murya, kina sauya ta ga kowane mai magana. Dare Dubu da Ɗaya kam akwai wuraren da ba na yara ba ne, haka wasu littattafan yaƙin saboda zubar da jini. Ki riga su karantawa, ki sa alama da fensir inda za ki tsallake.