"Went berserk": haukacewa ce ko rufewar ido?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Jiya ina fassara wa mahaifina labarin ƙwallo, sai na ci karo da "the crowd went berserk" bayan an zura ƙwallo a raga. Na ce masa 'yan kallo sun haukace. Bai ji daɗi ba, ya ce ba a kiran mai murna mahaukaci. Tun jiya abin yake min yawo a rai. Malamai, me kuka gani?

Malam Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Baba ya fi ka gaskiya, ɗana. Asalin kalmar daga tsohon harshen mutanen Nowe da Aisland take, "berserkr", wato mai rigar fatar beyar, ko da yake wasu sun ce marar sulke take nufi. Mayaƙa ne. Marubucin Aisland Snorri Sturluson ya siffanta su wajen shekarar 1225: suna faɗa wa abokan gaba ba sulke, suna cizon garkuwarsu, wuta da ƙarfe ba sa cin su. In abin ya sauka kuma, sai jikinsu ya mutu laƙwas. Ka ga abu ne mai hawa da sauka, ba ciwo ba ne da mutum ke kwana da shi. Ni "idonsu ya rufe" nake cewa.

Maman Hanifa: Malam, wannan na ƙarfe ba ya cin su ai 'yan taurinmu ke nan!

Malam Bazazzagi: Sun yi kama, Hajiya, amma ɗan tauri yana cikin hayyacinsa. Yana jin kiɗansa, yana kirari, ya san wanda ke gabansa. Waɗancan kuwa ba sa bambance nasu da na wani in abin ya motsa, har dokar Aisland ta zo ta haramta shi. A tsibirin Lewis na Sikotland, a 1831, an tono 'ya'yan darar Turawa da ake kira "chess" na tun ƙarni na 12, wasunsu an sassaƙa su da garkuwa a baki.

Yaya Babba: Allah ya gafarta Malam, ban yarda gaba ɗaya ba. Shi Snorri ɗin da haukan karnuka da kyarketai ya kwatanta su. Kuma rufewar ido a wurinmu ta fushi ce ko ta kwaɗayi. Wa ya taɓa cewa idonsa ya rufe don an ci ƙwallo? Bature yau yana faɗin kalmar ga mai fushi da mai murna duka. A fushi na yarda da kai. A filin wasa kuwa, "wuri ya kaure da sowa" ya isa.

Maman Hanifa: To "run amok" fa? Ina jin su kamar abu ɗaya.

Yaya Babba: Wannan daga harshen Malay take, "amuk", halin mutumin da ya zare makami ya shiga sara kan mai uwa da wabi. Ita tana tafe da ɓarna, ko da yara ne suka hargitsa ɗaki. Ba a faɗinta ga mai murna.

Ɗan Fagge: Na gode. Na koma na ce wa Baba wuri ya kaure da sowa, ya ce yanzu ya ga filin. Amma Malam, in uba ya ga an daki ɗansa "he went berserk", zuciya ce ta ɗebe shi ko idonsa ne ya rufe?

Malam Bazazzagi: In magana kawai ya yi, zuciya ce. In sai da aka rirriƙe shi, ido ne.