Gidan Hamilton a Harlem: na asali ne ko kwaikwayo?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina shirin ziyartar Hamilton Grange da ke birnin New York, gidan Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 10. Sai dai na ji an ce sau biyu ana ɗauke gidan daga mazauninsa. Shin ainihin gidan zan gani, ko sabon gini ne aka laƙa wa sunansa?

Baƙon Harlem:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Gidan ne na asali, wanda aka kammala a 1802, lokacin da Harlem take karkara. Shekara biyu kacal mai gidan ya yi a cikinsa, domin a 1804 Aaron Burr, mataimakin shugaban ƙasa, ya harbe shi a wani fito-na-fito da suka yi da bindiga. A 1889, da titunan birni suka cimma filin, aka jawo gidan zuwa gefen filin da aka zo aka gina cocin St. Luke, aka cire barandunsa, aka sauya masa ƙofar shiga, daga baya kuma wani dogon bene ya matse shi ta ɗaya gefen. Majalisar dokoki ta amince ya zama wurin tunawa na ƙasa a 1962, amma sai a 2008 aka ɗaga shi ɗungurungum, aka tsallakar da shi ta saman barandar cocin, aka kai shi lambun St. Nicholas, wanda yake cikin tsohon filin Hamilton. An sake buɗe shi a 2011.

Malama Mai Nazari:
Gaskiya ne, Malam, amma da sauran magana. Gidan ba ya fuskantar inda yake fuskanta a da, kuma an yi ta muhawara a kan haka. Kayan ɗakin ma ba duka ne na iyalin ba, wasu kwaikwayo ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fiyanon 'yarsa Angelica, da falo da ɗakin cin abinci masu kusurwa takwas-takwas.

Baƙon Harlem:
Na yarda, Malama. Kai kuma ɗan'uwa, shiga kyauta ne, hukumar kula da gandaye da wuraren tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da shi. Ɗakunan ƙanana ne, ba a shigar da mutane da yawa a lokaci guda, saboda haka ka duba ranakun buɗewa, ka kuma yi sammako.