Jam'iyya ta zo ta ɗaya amma ba ta kafa gwamnati ba, yaya haka?

Ɗan Taura: Salamu alaikum. Jiya bayan sallar isha'i muna shan shayi a gindin darbejiya, ƙanena da ke karatu a Dutse ya ce wai a ƙasar Latbiya da ke Turai jam'iyyar masu jin Rashanci ta ci zaɓe sau uku ba ta taɓa mulki ba. Na ce ƙarya yake. Malam, a raba mana gardama.

Malamin Ringim: Wa alaikumus salam. Yaron nan bai yi ƙarya ba. Majalisarsu, Saeima, kujeru 100 ce. Jam'iyyar Saskaņa ta zo ta ɗaya a 2011 da kujeru 31, ta sake a 2014 da 2018. Amma sai an samu rinjayen ƙuri'u a majalisa ake kafa gwamnati, sauran jam'iyyun kuma suka ƙi zama da ita saboda zargin kusanci da Moscow. Ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Baffan Gujungu: To a 2022 fa?

Malamin Ringim: Baffa, nan ne ta sha ƙasa. Ta la'anci mamayar da Rasha ta yi wa Yukren, magoya bayanta suka watse, ta kasa kai kashi 5 cikin 100 da ake buƙata, ko kujera ɗaya ba ta samu ba. Wata sabuwa, Stabilitātei, ta kwashi 11. Kuma akwai masu jin Rashanci da yawa da ba a ba su takardar zama ɗan ƙasa ba tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ba sa jefa ƙuri'a.

Ɗan Taura: Kash, shayin gobe ni zan biya ke nan.