Wane Suna Za Mu Ba Wanda Ake Koya wa Jagoranci a Cikin Daji?

Mai neman kalma, daga Sakkwato:

Assalamu alaikum. An kawo mini wata sanarwa da aka rubuta da Turanci domin in mayar da ita Hausa, a karanta ta a rediyo, a kuma liƙa ta inda ɗalibai za su gani. Sanarwar tana gayyatar waɗanda suka kammala digiri a fannin gandun daji da nazarin dabbobi da likitancin dabbobi su nemi shiga wani shiri, inda za a tura kowannensu wani gandu ya zauna tare da ma'aikata, a haɗa shi da wani babba da ya daɗe a aikin, ya riƙa koyon yadda ake tafiyar da mutane da kuɗi da sintiri, har ranar da za a iya sakar masa ragama. Na fassara komai, ban da sunan shirin da sunan wanda zai shige shi. Abin da na iya haɗawa shi ne “horon sanin makamar aiki kan shugabanci a fannin kare namun daji”, wanda ni kaina na san bayani ne, ba suna ba, domin mai karanta labarai sai ya ja numfashi a tsakiyarsa. Kalmomi uku ne suka tsaya mini: wadda Turawa ke kira kwanzabeshan, da lidashif, da kuma tireni. Ina neman taimakon manya.

Malama mai koyar da Hausa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara cire “kare” daga cikin jimlar. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa a haruffa, saboda haka idon mai karatu ya saba ɗaukar “kare” a matsayin “ƙare”, kuma ba ƙaramin abin kunya ba ne a gayyaci matasa su zo a koya musu ƙare namun daji. Ko da an tsira daga wannan, kariya aikin garkuwa ce kawai, wato a tsaya tsakanin abu da mai son cutar da shi, alhali aikin da ake magana a kai ya haɗa da ƙidayar dabbobi, da lura da mashayarsu, da tsara lokacin sa wa ciyawa wuta, da sasantawa da mutanen da ke zaune a gefen dajin.

“Adanawa” ta fi dacewa da abin da ake sawa a akwati ko rumbu. “Killacewa” tana kawo hoton shinge, kuma giwayen Yankari ba su san shinge ba, shi ya sa suke fita su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye. “Alkintawa” kalma ce mai kyau, kuma gidajen rediyo suna amfani da ita idan ana zancen muhalli, sai dai nauyinta ya fi karkata ga tsafta da gyara. Ni “tattali” na zaɓa. Macen da ke tattalin hatsin gidanta ba ta hana a ci, tana dai auna abin da za a ci yau domin a kai ga kaka, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar da ake nema. Mun riga mun karɓi “tattalin arziki” har ya zauna a bakin kowa, don haka “tattalin namun daji” ba zai zama baƙo a kunne ba.

Wani zai ce “namun daji” yana nuna cewa Bahaushe nama kawai yake gani a jikin dabba. Ban yarda da wannan ƙorafin ba. Idan aka ce naman daji ya shigo gari, babu wanda ke tunanin tsire, kowa ya san dabba ce mai rai da ƙafafunta. A nan ƙasar Sakkwato ma “namun dawa” muke ji a bakin tsofaffi, kuma ko wanne aka ɗauka daidai ne.

Malamin zaure, daga Gwadabawa:

Na goyi bayan Malama a kan tattali, ina kuma so in ƙara da cewa wannan aiki yana da tushe a wurinmu tun kafin zuwan Turawa. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan hima, wato filin da shugaba ke keɓewa domin amfanin jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyadina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hukunce-hukuncen ƙasar da ba a raya ba da hanyoyin mallakarta. Mu kuma muna da “hurumi”, filin da ake bari a bayan gari ba a noma shi. Ko a Argungu, hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin biki ya zo tattali ne, kuma Sarkin Ruwa yana da ta cewa a kai. Da ni za a bi, da “hurumin namun daji” aka kira wurin, domin asalin gandu gona ce babba ta maigida ko ta sarki. Amma “gandun daji” ya riga ya zauna, kuma ba shi ne abin da aka tambaya ba.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, daga Wurno:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ni ba masanin harshe ba ne, shekara talatin da 'yan kai dai na yi ina yawo a daji da takalmin gwamnati, kuma a kan kalma ta biyu nake so in yi magana. Ɗana, kada ka rubuta “shugabanci”. Shugaba muna da shi, yana ofis, muna ganin sa hannunsa a takardar albashi, kuma ba raina shi nake yi ba. Wanda muke rasawa shi ne jagora, wato mutumin da idan an fita sintiri na kwana biyar shi ne a gaba, ya san inda ruwa yake a watan bazara, ya san lokacin da za a ce wa yara su kwanta da lokacin da za a ce su tashi. Ka duba kalmar da kanta: ja-gora, mai riƙe da bakin sanda yana tafe a gaba, na baya yana dogara da idonsa. Shugaba yana iya aikawa, jagora kuwa dole ƙafarsa ta taka inda ta mabiyansa za ta taka.

Ga abin da ke faruwa, kuma shi ne dalilin da ya sa irin wannan shiri yake da amfani. Yaro ya fito jami'a, ya yi hidimar ƙasa, an ɗauke shi aiki a mataki na 8, ranar farko ya tarar an ɗora shi a kan mutanen da suka haife shi. A wani gandu da ba zan ambata ba, an taɓa kawo mana irin wannan yaro, mai ilimi da ladabi, ya san sunan kowane icce da Latin. A fitarmu ta farko ya ce mu kafa sansani a cikin wani busasshen rafi saboda yashinsa yana da laushi, alhali hadari ya haɗu a gabas. Babu wanda ya musa masa, domin shi ne babba a takarda. Mun dai kwashe kayanmu a hankali muka hau tudu, muka bar masa nasa. Cikin dare ruwa ya taho daga sama da mu, da ƙyar muka fizgo shi, taswira da rediyon hannu kuwa suka tafi. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, har da mu da muka yi shiru, da wanda ya turo shi ba tare da ya haɗa shi da kowa ba. Da an ce masa ya bi wani dattijo cikinmu wata shida kafin ya fara ba da umarni, da ba a yi wannan asara ba.

Abin da jagora ke koya a daji ba ya cikin littafi gaba ɗaya. Akwai yadda ake shiga gidan mai gari idan giwa ta cinye gonar mutum a dare ɗaya, ya zo yana kuka da gaskiyarsa. Akwai yadda ake magana da arɗo a kan shanun da suka ƙetare iyaka, ba tare da an mai da shi abokin gaba ba. Akwai sanin bambancin mahalbin da ya fito neman abin miya da ɗan kasuwar da ya turo mutane da manyan bindigogi neman haure. Yanzu kuma an ƙara da wani nauyi da mu ba mu sani ba a farkon aikinmu, domin dazuzzuka irin su Kamuku da Kuyambana sun zama maɓoyar 'yan bindiga, jagora sai ya san ranar da fita sintiri ganganci ce.

Saboda haka ga tawa shawarar. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga a daji shi ne bin sawu: wannan na gwanki ne, wannan na kura, wannan na mutum ne mai ɗauke da kaya, ya wuce tun kafin raɓa ta sauka. Hausawa kuma suna cewa wane ya bi sawun mahaifinsa. Yaron nan da za a turo zai yi duka biyun, zai bi sawun dabba, zai bi sawun na gaba da shi. Ku kira shirin “bin sawun jagora”, shi kuma ku kira shi “ɗan bin sawu”.

Wata da ta kammala karatun gandun daji a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta shige ni, amma ina da damuwa biyu. Ta farko, a labarai idan aka ce ana bin sawun mutum, yawanci jami'an tsaro ne ke neman mai laifi, ina tsoron kada a ji “ɗan bin sawu” a ɗauka ɗan leƙen asiri ne, musamman a ƙauyen da ake zargin duk wani baƙo. Ta biyu, jagorancin yau rabinsa a kan tebur yake. Ana so mutum ya iya tsara kasafin kuɗi, ya rubuta takardar neman tallafi, ya karanta bayanan da na'urar nuna wuri da kyamarorin da ake ɗaurawa a itatuwa suka tattaro, ya kuma shirya shaidar da za ta tsaya a gaban alƙali. Raƙuman dawa na Kure a Nijar, waɗanda ba su wuce 49 ba a 1996, yau sun haura 600, kuma har an ɗebi takwas an kai gandun dajin Gadabeji a 2018. Wannan aiki ya buƙaci masu sanin daji, ya kuma buƙaci masu sanin takarda da yarjejeniya. Ina so sunan ya ɗauke su duka.

Abin da na tabbata shi ne kada a ce “ai-ti”, kamar yadda muke cewa a makaranta. Wancan shiri ne na ɗalibai da aka fara tun 1973, ana zuwa ne kafin a kammala karatu, a cike littafi a dawo aji. Kada kuma a ce kwas, domin kwas shi ne irin wanda ake zuwa yi a kwalejin namun daji ta Sabuwar Busa, ko ta Garwa a Kamaru, ko ta Mweka a Tanzaniya. Wannan kuwa a bakin aiki ake yin sa.

Malama mai koyar da Hausa:

Ƙanwata, damuwarki ta farko tana da ƙarfi, ta biyu ba ta kai ta ba. Bin sawun na gaba bai taƙaita ga ƙasa ba, wanda ya zauna kusa da jagora yana kallon yadda yake raba kuɗin mai da na abinci, shi ma sawu yake bi. Game da zargin leƙen asiri kuwa, kalmar “jagora” ita ce maganinsa, domin babu mai jin “bin sawun jagora” ya kawo ɗan sanda a ransa. Matsalar tana tasowa ne idan aka yanke sunan aka bar “ɗan bin sawu” shi kaɗai. Shawarata ita ce a rubuce da kuma a gaban mutanen gari a ce “mai bin sawun jagora”, jam'i “masu bin sawun jagora”, wanda ya ɗauki mace da namiji ba tare da an canza komai ba. Gajeren kuwa a bar wa 'yan cikin gida, su da suka san abin da suke nufi.

Na auna sauran kalmomin kafin in yarda da ta Baba. “Ɗan koyo” da “sabon shiga” suna da ɗan raini, kuma ba su nuna inda aka dosa ba. “Almajiri” ita ce ta fi kowace daidai a asali, amma yau ta ɗauki wani kaya da zai karkatar da hankalin mai sauraro. “Magaji” ta yi alkawarin kujera, alhali shirin bai yi wa kowa wannan alkawari ba.

Tsohon ma'aikacin gandun daji:

Na yarda, 'yata, kuma na yarda da gyaran Malama. Abu ɗaya nake roƙo: a rubuta wa'adi a cikin sanarwar, a kuma faɗi cewa kafin wa'adin ya cika za a sa yaron a gaba, dattijon ya koma baya yana kallo. Na ga waɗanda aka bari suna bi har furfura ta fito musu, ba a taɓa ba su sintiri ko ɗaya su ja ba.

Mai neman kalma:

Na gode wa kowa. Ga yadda kan sanarwar zai fita: “Shirin Bin Sawun Jagora a Aikin Tattalin Namun Daji”. A layi na biyu zan sa bayani cewa horo ne a bakin aiki ga waɗanda suka kammala digiri, domin wanda ya fara jin sunan ya gane. Waɗanda aka ɗauka su ne masu bin sawun jagora. Maganar Baba ta wa'adi na duba, akwai ta a takardar Turancin, a shafi na biyu, zan ɗauko ta in kawo ta sama. “Hurumi” kuma na rubuta ta a gefen littafina, domin akwai wata takarda a kan iyakokin gandu da ke jirana mako mai zuwa, kuma zan dawo wa Malam da ita.